Ranar da Na Sa Baffan Mahmud Juyi a Bakin Titi

Assalamu alaikum 'yan uwa, ku matso kusa, yau bakina cike yake da magana. Wadda take kan girki ta fara rage wuta, don ba zan ɗauki alhakin ƙonewar miyar kowa ba.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni, sunana Sa'ida, autar Malam Gwadabe mai ɗinkin hannu a Kabara. Sana'ata ɗaukar hoton kwalliyar mutane a kan titi. Ni ce mai shafin nan na Ƙwalisar Birni. In kun taɓa ganin hoton wata tsohuwa da laffaya ruwan ƙwai tana tsallake kwata a Dukawuya, ko ɗan dakon Ƙofar Ruwa da ya naɗa rawani kalar takalminsa, to aikina ne. Ban karanci abin a makaranta ba. Da wayar Umma na fara, ina ɗaukar askar da Baba ya ɗinka a gaban riga don a tura wa mai kaya ya gani. Daga nan ido ya buɗe, na lura riga a rataye ba ta da rai, sai an sa ta an fita, iska ta shiga cikinta. Na yi ta tari har na sayi kyamara ta hannu, yanzu teloli ma kirana suke yi, kuma akwai samarin da na san ranar Juma'a don ni suke guga.

Dokokina biyu ne, Baba ne ya kafa min su ranar da ya yarda in fita. Ba na ɗaukar kowa sai na nemi izini, kuma ba na saka fuska. Daga wuya zuwa takalmi, shi ke nan. In hula nake so ko ɗaurin ɗankwali, ta ƙeya nake ɗauka.

Sai kuma Mahmud, wanda saboda shi kuke karanta ni, kar ku yi musu. Ɗan Dandalin Turawa ne, jikan Larabawan nan da suka zo fatauci tun zamanin kakanni suka zama 'yan gari. Shagon kayan famfo gare shi a Ƙofar Ruwa. Fari, dogo, ga haƙuri, amma wallahi bawan Allahn nan bai iya sa kaya ba. Mutum ne da zai sa shadda ruwan toka, ya ɗora mata koriyar hula, ya ƙarasa da silifas ɗin wanka. Ranar da muka fara haɗuwa ina ɗaukar maƙwabcin shagonsa ne, ya leƙo ya ce shi ma a ɗauke shi. Na kalle shi sama da ƙasa na ce, "Malam, ka yi haƙuri, shafin nawa na masu kwalliya ne." Maimakon ya ji haushi sai ya kama dariya har da riƙe ciki. Har yau ban ɗauke shi hoto ba, har yau kuma bai daina roƙo ba.

To, magana ta yi nisa, ya ce zai turo manya. Kun dai san yadda ake yi a cikin gari. Kafin a zo neman aure sai dangin namiji sun turo wani a ɓoye ya zaga unguwa, ya tambayi mai shayi, ya tambayi liman, ya tambayi tsohuwar da ba ta yabon kowa, ya ji wace ce yarinyar. Ba a faɗar rana, ba a faɗar wanda zai zo.

Tun da Umma ta ji batun binciken nan hankalinta ya tashi. Ina shirin fita da safe ta tsaya a bakin ƙofar ɗaki ta miƙo hannu.

"Ba ni abin nan."

"Wane abu, Umma?"

"Na wuyanki. Har a gama binciken nan ke 'yar gida ce. Ba titi, ba tsugunno a gaban maza kina cewa su juya miki."

"Umma, ai duk Kabara an san ni da ita."

"Sani daban, a gan ki da ido daban. Miƙo."

Na waiga wajen Baba, yana kan buzunsa a inuwa da allura a hannu. Ko ɗago kai bai yi ba. Haka Baba yake, zai iya yini bai yi magana goma ba. Ina ji ina gani Umma ta saka kyamarata a cikin kwalla, ta tura kwallar cikin wadrob, ta murɗa makulli, ta ƙulle shi a haɓar zaninta. Sannan ta ɗauko min wani hijabi ruwan ƙasa da ko a makarantar allo ban sa irinsa ba, ta ce in za ni ɗebo ruwa in riƙa kallon ƙasa.

Na shige ɗaki na faɗa kan katifa na jawo waya.

"An ƙwace min kyamara saboda danginka," na rubuta wa Mahmud.

"Subhanallah. Sannu amaryata, kwana kaɗan ne."

"Wai tsaya. Me ka ce musu ina yi?"

Na ga yana rubutu, ya tsaya. Ya sake farawa, ya sake tsayawa. Ni kuwa na san wannan tsaye-tsayen, duk sanda Mahmud ya yi shi akwai abin da ya ƙulla.

"Na ce kina sana'a ta waya."

"Ta waya? Kati nake sayarwa?"

"Ki gane mana. Kin san Hajiya. Bari a sa rana tukuna, sai in yi mata bayani a hankali."

Hajiya Mabruka kenan, mahaifiyarsa, matar da ya ce ko gurasa ba ta taɓa leƙowa ƙofar gida ta saya da kanta ba. Ba zan ɓoye muku ba, abin ya yi min ciwo. Mutumin da ya fara sona da kyamara a wuya, shi ne yake jin nauyin faɗar sunanta a gidansu. Na tura masa fuskar fushi guda uku na kife wayar.

Na yi biyayya, Allah ya sani. Na yi shara, na yi wanke-wanke, na tsince shinkafar da ba ta da tsakuwa. Amma ido ba ya jin magana. Mace za ta wuce ta ƙofar gida da atamfa mai ganyen shuɗi da mayafi ruwan lemo, hannuna ya kai ƙirji da kansa ya tarar ba komai.

Ranar Juma'a Umma ta tafi suna Dukawuya. Ta yi wanka, ta ɗaura leshi, ta fesa turare, ta ja min kunne ta fita. Ina shanya a tsakar gida na ga zaninta na zaman gida rataye a ƙyauren ɗaki, haɓarsa a ƙulle, ƙullin ya yi nauyi. Na kawar da kai. Na sake kallo. Na ce a raina ai goge gilashinta kawai zan yi, kar ya yi tsatsa. Kar ku tambaye ni ko gilashi yana tsatsa.

Daga goge gilashi na ce bari in ga ko batir bai mutu ba. Daga duba batir na tsinci kaina a zaure. Baba ya tafi wajen mai kaya, gida ba kowa, hasken bayan la'asar ya sauka a katangar ƙasa ta gidan liman ta yi ja kamar an shafa mata manja. Na leƙa kawai, sai na hango wani mutum a bencin Ilu mai shayi.

'Yan uwa, rigar tsamiya! Ta gaske, irin wadda Baba yake cewa yanzu sai a akwatin tsofaffi. Aska takwas aka zuba mata, aikin hannu, zare ya kwanta luf. Daga ciki baƙar falmaran mai ɗinkin ruwan gwal tana leƙowa, wando mai kamun ƙafa, takalmin fata sau-ciki an goge shi yana sheƙi. A ka jar dara, a hannu zoben azurfa mai jan dutse da carbi ruwan zuma. Dattijo ne fari, gemunsa tas, gyararre.

Na san me za ku ce. Farin dattijo da jar dara, baƙo a unguwa, a zaune wurin mai shayi ana tsakiyar bincike, ya aka yi ban gane ba? Ni ma na tambayi kaina har na gaji. Gaskiyar magana in na ga tsamiya ba na ganin mutum. Kafin hankalina ya dawo ƙafata ta riga ta tsallaka titi.

"Salamu alaikum Baba, barka da Juma'a." Na ɗan rusuna, irin rusunawar mai sauri.

"Barka kadai, 'yan mata."

"Baba, alfarma nake nema. Rigar nan taka ta hana ni zaman lafiya. Hoto nake ɗauka na kwalliya ina ɗorawa a shafina. In ka yarda in ɗauka, ba zan sa fuskarka ba."

Ya kalli kyamarar, ya kalle ni. "Ba fuska? To me za a gani?"

"Rigar mana, Baba."

Ya yi wata 'yar dariya ya ce, "Bismillah."

Ilu yana bayansa da buta a hannu yana ta zaro min ido yana girgiza kai. Na ɗauka shi ma hoton yake so, na ce, "Ilu, da wannan singiletin? Ka bari sai ka yi wanka."

Daga nan aiki ya hau kaina, kuma in aiki ya hau kaina ban san babba ba.

"Baba, tashi daga bencin nan, yana ɓata min riga. Zo nan jikin katanga. A'a, kafaɗar hagu ta zame, ɗage ta. Ƙara. Yauwa! Carbin ya koma ɗaya hannun, ina son zoben ya fito. Yanzu taka daga nan zuwa waccan ƙofar."

Ya taka.

"Haba Baba, ka saki jiki mana! Mai tsamiya ba ya sauri. Koma ka sake."

Ya koma ya sake. Adaidaita sahu ta shigo min hoto, na sa shi ya sake. Akuyar gidan liman ta gifta, ya sake. Na tsuguna a ƙasa don in samu faɗin rigar, na ce ya juya. Ya juya. Na ce, "A hankali, Baba, ba faifai ba ne." Ya sake juyawa a hankali, iska ta shiga rigar ta buɗe ta, haske ya kama askar gaba ɗaya, na danna. Tun kafin in duba na san na samu. Mata sun leƙo ta zaurukansu, mai faci ya ajiye taya, kowa ya yi tsit. Ni na ɗauka rigar suke kallo.

Na nuna masa a bayan kyamarar. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ikon Allah. 'Yar wane gida ce ke?"

"Ga gidanmu can, gidan Malam Gwadabe. Amma Baba, don Allah ka rufa min asiri, ba ka gan ni ba. Bincike ake yi a kaina."

Ilu ya ƙware da shayin da ba shi yake sha ba.

"Bincike?" in ji dattijon.

"Dangin wanda zan aura ne. Ummata ta kulle kyamarar, sato ta na yi."

"To, to. Shi yaron ya san kina wannan aikin?"

"Ya sani sarai, tsoron Hajiyarsa yake yi. Kirki kam yana da shi, Baba, ba shi da na biyu. Sai dai in ka ga shigarsa sai ka yi masa kuka. Ni ina ga a gidansu ba wanda ya iya sa kaya."

Ya shafa gemu. "Ko mutum ɗaya?"

"In da akwai ai da ya koya."

Ya jinjina kai kamar na faɗi wata babbar hikima. Na tambaye shi sunan da zan rubuta a ƙasan hoton, ya ce Yusuf. Na maimaita da ƙarfi don kar in manta, "Alhaji Yusuf. Alhaji Yusuf mai tsamiya!" Na yi masa godiya, na ce Allah ya ƙara sutura, na ruga gida.

Na tura hoton waya, na mayar da kyamara kwalla, na ƙulle makulli a haɓar zani yadda na same shi. Kafin a kira magariba na ɗora. Jama'a, ban taɓa ganin hoto ya tashi irin wannan ba. Masu cewa kakansu ya tuno musu, masu tambayar wanda ya yi ɗinkin, wani telan Legas har ya nemi lambata. Ina kwance ina murmushi ina jan allo sai idona ya faɗa kan wata Bushra.

"Innalillahi! Wannan ai zoben Baffanmu ne. Me ya kai Baffa Kabara?"

A ƙasanta wata ta amsa, "Ke ma kya faɗa, ba yayanki ne yake neman aure a Kabara ba?"

Bushra ƙanwar Mahmud ce. Ashe ta daɗe tana bin shafina ba ta san mai shi ba. Mahaifinsu ya rasu, ƙaninsa ne ya riƙe su, shi ne waliyyin Mahmud, kuma tun da nake da Mahmud ban taɓa jin ya kira shi da wani suna ba sai Baffa. Kafin in tashi zaune saƙonnin Mahmud suka fara shigowa a jere.

"Sa'ida."

"Sa'ida ki ɗaga waya."

"Me kika yi wa Baffa?"

"Ya shigo gida ya tsaya a tsakar gida ya ce in fito ya ga shigata."

"Wai an ce masa ba wanda ya iya sa kaya a gidanmu."

"Tun ɗazu yake dariya shi kaɗai. Hajiya kuma ba dariya take yi ba."

Ban samu na amsa ba na ji sallamar Umma, kuma daga sallamar na san Ilu ya tare ta a bakin lungu. Ko mayafi ba ta cire ba.

"Sa'ida! Fito nan! Surukinki? Mutumin da in kin hango shi ya kamata ki canza hanya? Shi kika sa yana zirga-zirga a titi kina ce masa koma ka sake?"

"Umma, wallahi ban sani ba."

"Har da kiran sunansa gatsal, duk unguwa na ji! Ni tun da aka kawo ni gidan nan kin taɓa jin sunan kakanki a bakina? Na shiga uku ni Indo, wannan yarinya ta gama da ni."

Baba ya shigo ana tsakar haka. Ya saurara har Umma ta sauke numfashi, sannan ya miƙo hannu ya ce in ba shi wayar. Ya kai ta dab da ido, don idonsa ya fara rauni, ya daɗe yana dubawa.

"Tsohon aiki ne," ya ce. "Ta fito da askar sosai."

"Malam! Maganar aska ake yi?"

Baba ya miƙo min wayata ya tafi alwala.

Kwanakin da suka biyo baya ban ji daɗinsu ba, ko da yake unguwa ta ji. In na fita ɗebo ruwa yara su riƙa cewa "juya, a hankali!" Na ce wa Mahmud zan goge hoton, ya ce kar in soma, Baffa ya sa Bushra ta tura masa, duk wanda ya je rumfarsa a kasuwar Kurmi sai ya nuna masa. Na ce to Hajiya fa? Sai ya fara rubutun nan nasa mai tsaye-tsaye, daga ƙarshe ya turo, "Ki yi ta addu'a."

Ranar Lahadi da hantsi ina tankaɗe saƙonsa ya shigo.

"Baffa ya taho gidanku. Duk abin da ya ce ki amsa, don Allah. In kin shigo gidana ma san yadda za mu yi, ko a ɓoye ne."

Na karanta na sake karantawa. A ɓoye. Wato in yi aure in koma satar makulli a gidan mijina. Ina son Mahmud, wannan ba sai na rantse muku ba, in na tuna zan iya rasa shi ƙirjina zafi yake yi. Amma kalmar nan ta ƙi fita daga raina.

Aka yi sallama a zaure, Baba ya fita. Umma ta aika da kunun aya mai sanyi a jug ɗin da ba a taɓawa sai Sallah, sannan ni da ita muka lafe a bayan ƙyauren da ya raba zaure da tsakar gida. Ita da ta hana ni laɓe tun ina ƙarama, har ture ni take yi don ta fi jin magana. Ta tsagar ƙyauren na hango shi, yau farar shadda ya sa da kufta ruwan madara, hula zanna. Ku yafe min, ido ne.

Bayan an gaisa Baffa Yusuf ya gyara murya.

"Malam Gwadabe, aike ne ya kawo ni. An ce in yi bincike, na yi. Na tambayi liman, na tambayi maƙwabta, ban ji sharri ko ɗaya ba. Wanda ban tambaya ba ma yarinyar ta faɗa min da bakinta." Suka yi dariya su biyu. "Ta yi min sallama, ta nemi izini, ta cika alkawarin da ta yi. Ƙorafina ɗaya ne, Malam. Abokaina a Kurmi sun ce ba ni ba ne, tunda ba kai. Sai da na sake sa rigar na je musu da ita."

Baba ya yi dariyar da na daɗe ban ji ya yi ba. Umma ta matse min hannu tana "Alhamdulillahi" a hankali. Ni ma har na fara sakin jiki.

"Sai dai," in ji Baffa, muryarsa ta sauya, "uwar yaro tana da magana, kuma haƙƙi ne in isar. Mabruka ta ce ta ji yabon yarinya, ta karɓa. Amma matan gidanmu ba sa tsayawa a titi. In za a yi, a ajiye kyamarar nan tun daga yau. In an amince, Juma'a mai zuwa mu kawo gaisuwa."

Can Baba ya ce, "Wannan ba ni zan amsa ba. Auta!"

Umma ta jawo ni da sauri ta gyara min hijabi, bakinta a kunnena. "Ki tsuguna a bakin ƙofa, ki sunkuyar da kai, kar ki ce uffan. Kin ji ni? Uffan. Kin yi surutun da ya isa."

Kun san yadda abin yake a wurinmu. In manya suka tambayi budurwa maganar aure ta yi shiru, ta amince kenan. Ba wanda yake jiran ta buɗe baki, musamman a gaban suruki. Ba sai na yi ƙarya ba, ba sai na yi alkawari ba. Shiru kawai zan yi, a kawo gaisuwa, a sa rana, in samu Mahmud.

Na tsuguna a bakin ƙofa na gaishe su da muryar da ni kaina ban san ina da ita ba.

"Auta, kin ji saƙon da aka kawo," in ji Baba. "Me kika ce?"

Na kafa ido a kan tabarma. Ina jin waya tana motsi a aljihun siket ɗina, na san ko wane ne. Ina jin numfashin Umma a bayan ƙyaure. Shirun ya yi tsawo, har Baffa Yusuf ya yi ajiyar zuciya ya ce, "To, madalla. Kunya ce, mun fahimta. Malam, a yi addu'a." Na ga hannuwansa sun tashi, zoben nan ya kama haske.

"Baba."

Hannuwan suka tsaya a sama.

"Baba, ina son Mahmud." Ban taɓa faɗar wannan kalmar a gaban mahaifina ba, fuskata kamar an kara mata garwashi. "Amma ba zan iya ajiye kyamarar ba. In na yi shiru aka shafa addu'a, na san a raina zan ɗauko ta a ɓoye, kuma ba na son in shiga gidan Hajiya da ƙarya. A yafe min rashin kunya."

A bayan ƙyaure na ji wani abu ya faɗi, ina jin murfin jug ne.

Baffa Yusuf ya sauke hannuwansa a hankali ya ɗora a gwiwa. Ya daɗe yana kallona, ban iya gane ko fushi ne ko dariya yake dannewa ba.

"Malam Gwadabe, ni ɗan aike ne," ya ce, "amma wannan saƙon ya fi ƙarfin bakina. In na kai shi Mabruka cewa za ta yi rigar da aka yaba ce take magana. Yarinya, gobe da hantsi ki zo Dandalin Turawa. Abin da kika faɗa a nan, ki faɗa mata da bakinki."

Ni? Gaban Hajiya Mabruka, tun ba a kawo ko goro ba? Umma ta manta da baƙo, ta manta da laɓe take yi, muryarta ta fito tar ta tsagar ƙyaure.

"Malam, ka ce wani abu mana!"

Baba ya ɗauki kofinsa ya kurɓi kunun aya, ya ajiye.

"Me zan ce, Indo? An tambaye ta, ta faɗi gaskiya. Ki nemo mayafinki mai kyau, gobe ke za ki raka ta."